Matashi takwas, mutum tara

Shekarar da aka yi wa ɗana na fari ƙarin girma a buro, wato ofishinsu, ya aiko mota har Dakoro ta ɗauke ni zuwa Yamai. Ya ce patoronsu, shugabansu a wurin aiki, zai yi masa walima a gidan abincin Japanawa. Da muka shiga gari na ce wa direba mu biya ta gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine shi tun daga yaye. Ban yi shawara da kowa ba. A wurinmu tuwon mutum takwas yana isar tara, har a ajiye na ɗumame.

Bayan azahar muka isa. Wata mata ta kai mu wani ɗaki can ciki, ƙofarsa irin wadda ake ja gefe ce, aka ce mu cire takalma. Wannan ya yi mini daɗi. Tebur gajere ne, an kewaye shi da matasai a ƙasa, gaban kowane matashi da ƴar takarda mai suna. Sai na ga matar tana ƙirga mu da ido, ta sake ƙirgawa.

Ɗana ya ja ni gefe, goshinsa duk zufa.

"Inna, nan ba a zuwa haka. Tun satin jiya aka ba su yawan mutane. Takwas aka ce."

"To ai Gwaggo ba ta cin da yawa."

"Ba maganar ci ba ce. Ga patoro can yana kallo. Ko ta ɗan jira a mota? Motar akwai sanyi a ciki."

Na tsaya ina kallon bakinsa. Matar da ta yi masa goyo har zanenta ya ƙoƙe, ita za a kai mota ta jira. Na yi salati a zuciyata.

Na koma na kama hannun Gwaggo, muka zauna a kan matashi ɗaya, rabin jikina a kan katako. Na ce wa matar, da guntun Faransancin da na riƙe tun ina ƴar makaranta a lakwal, mu biyu kwano ɗaya muke ci. Ta dubi patoro, shi kuma ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, aka ja ƙofa.

Aka kawo faranti, yankan kifi biyu a kan dunƙulen shinkafa, kowane bai kai babban yatsa ba. Gwaggo ta taɓa nata.

"Ɗiyata, sun manta ba su ɗora a wuta ba."

Ta yi bisimilla ta ci shinkafar, ta tura mini kifin. Ɗana bai ɗaga ido ya dube mu ba har aka tashi.

A hanya na yi ta fatan ba ta ji komai ba, don kunnenta ya yi nauyi. Da muka tsaya ƙofar gidanta ta riƙe yatsuna.

"Kada ki yi masa faɗa. Da ni ya faɗa wa, da na zauna a motar."