Kajina da Ramin Bature

Ramin Bature muke ce masa. Yana bayan ƙauyenmu, kusa da Maska. Tun kafin a kawo ni gidan miji Turawa suka haƙa shi suna neman zinariya. Ko sun samu ko ba su samu ba, ba su yi mana sallama ba balle mu tambaya. Ruwa ya cika ramin, maigidana ya kafa jigo a bakinsa yana noman albasa. Wannan lambun ne ke riƙe da gidanmu duk rani.

Shekara kaɗan bayan samun mulkin kai, wani ma'aikaci ya zo daga Funtuwa. An ce ya je kwas Ingila, ya ga mutane suna biyan kuɗi don su kalli ruwa. Ya ce arziki ne muke zaune a kai ba mu sani ba. Aka tuge albasa, aka shuka furanni waɗanda ko akuya ba ta kula su, aka jera benci, aka shafa wa duwatsu farar ƙasa. Maigidana ya zama mai gadi. Duk wanda ya zo kallo zai biya shi kuɗin shiga toro, da wannan za mu ci.

Abu ɗaya mai kwas ya manta: a garinmu ba a karɓar kuɗin baƙo.

Sai da aka yi wata biyu sannan wani Bayarabe mai kanti a Funtuwa ya zo da iyalinsa. Maigida ya yi musu maraba, ya sa na dama fura, ya yanka zakarana. Suka ci, suka leƙa ramin, suka tafi suna ta godiya.

Na ce, "Malam, ina toron?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Mutum ya sha ruwan gidana, in miƙa masa hannu? Haba."

Haka muka yi ta ci gaba. Kowane baƙo kaza ɗaya. Har na koma ina jin ƙarar mota sai gabana ya faɗi. Haushin maigida nake ji, kuma wallahi da ya karɓa ɗin ni ma da na ji kunya.

Da rani ya tsaya, mai kwas ya dawo duba aikinsa. Shi ma ai baƙo ne. Kazata ta ƙarshe, mai kwanci, ita aka kai masa zaure. Ina bayan katanga na ji yana cewa, "Miya ta yi daɗi, sai dai ba a sa albasa ba. Mutanen ƙauye kun cika rowa."

Ban taɓa ɗaga murya ga baƙo ba sai ranar.

Na ce wa maigida, "Malam, a gaya masa albasar tana can, ƙarƙashin furanninsa."