Shafi Tara a Wuyan Jita

Bangon da ya raba shagon Yaya da ɗakin ƙaninsa bulo ɗaya ne, shi ma mai rami a ciki, don haka ba sai mutum ya kasa kunne ba. Da safen nan muryar matar ƙanin nasa, Auta, ce ta fara ratsowa. Tana jero wa mijinta abubuwa ɗaya bayan ɗaya: kofin shayin da ya suɓuce masa shekaranjiya, maɓallin rigar da ya kasa sakawa sai da ta saka masa, makullin da ya yi ta laluben ƙofa da shi kamar baƙo a gidansa. Dukansu da hannun hagu. Ta ce mai shagon magani ya faɗa mata irin wannan ba a zama da shi a gida, jijiya ce, in aka bar ta ta daɗe ba ta dawowa. Auta ya ce mai shagon magani ya tsaya a kan maganin tari.

"Fentin wuyan jitar nan ne yake riƙe mini hannu har ya gaji. Yaya ma ya gani."

"Yaya ne ya ce maka fenti ne?"

"Da ba fenti ba ne, zai yi ta gogewa?"

"To in Yaya ya ce hannun ne fa, Malam?"

Sai muryar Auta, ƙasa-ƙasa: "In Yaya ya ce, gobe ma sai in je asibitin."

Yaya yana tsaye da ƙafar wata kujera a hannu, sanfefar gugar katako a ɗayan. Bai taɓa cewa fenti ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Wata uku ke nan yana zaune a tsakanin waɗannan biyun, kuma zaman bai yi masa wuya ba kamar yadda ya kamata ya yi.

Kowa a layin, Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Kafinta ne ɗan kafinta, amma ba a kawo masa aikin zarto da guduma. Shi nasa aikin ƙarshe ne: guga da fenti. Sai wasu sun gama haɗa gado ko teburi, sannan a turo masa, ya bi shi da sanfefa mai kaushi, ya koma mai laushi, ya shafa fenti, ya jira ya bushe, ya sake gogewa. Shekara arba'in na wannan sun cinye masa zanen yatsu. Ranar da ya je yin katin shaida, na'ura ta ƙi karɓar babban yatsansa har sau biyar, yarinyar da ke kan teburin ta tambaye shi ko wuta ce ta taɓa ƙona shi. Ya ce a'a, aiki ne. Yakan ba da labarin ana dariya, shi ma yana yi.

Yana aji biyu na sakandare ciwon baya ya kwantar da mahaifinsu, aka ce ya ɗan zauna a shago kafin tsoho ya warware. Tsoho bai warware ba. Auta kuwa, da yake auta ne, ba a taɓa ce masa ya ɗan zauna ko'ina ba. Ya yi makaranta ya bari, ya bi makaɗa, mahaifiyarsu ta yi kuka na kwana biyu sannan ta koma kare shi. Ya zama mai kaɗa jitar bes, doguwar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba a cika jin ta a kunne ba sai a ƙirji. Ba wani shahara ya yi ba, amma a ɗakunan taro da otal-otal an san shi, ana ɗaga masa hannu a titi. Shi kuma yana ɗaga wa Yaya hannu in ya zo wucewa ta ƙofar shago, jita a baya, yana sauri. Gida ɗaya, bango ɗaya, kusan shekara talatin gaisuwar ke nan. Tun da matar Yaya ta rasu, 'ya'yansa mata suka watse gidajen aure, matar Auta ce ke miƙo masa kwanon abinci kullum da rana, ba ta taɓa fashi ba.

Jitar ma tana da nata labarin. Shekara ashirin da shida da suka wuce Auta ya sayo ta ta hannu, bayan wuyanta duk ya ɓare kamar tsohuwar ƙofa. Yaya ya karɓa. Ya kankare ta tas, ya shafa mata fenti mai sheƙi, irin wanda ake ganin zanen katako ta cikinsa, shafi tara, kowane shafi sai ya kwana ya bushe ya goge shi da ruwa kafin ya ɗora na gaba. Mako biyu ya ajiye aikin mutane saboda ita. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kafin nan da bayan nan. Bayan 'yan kwanaki yana cikin shago ya ji Auta a ƙofar gida yana nuna wa abokansa ita. Ɗaya ya shafa wuyan ya ce kamar madubi. Auta ya ce ai haka ta zo daga waje, su can ba sa wasa da aiki.

Yaya ya ajiye maganar a ransa. Mutum ne mai ajiya.

Wata uku da suka wuce ne Auta ya shigo shagon da ƙafarsa, ya zauna a kan benci, abin da rabonsa da yi tun mahaifinsu na da rai. Ya ce in hannunsa ya yi gumi babban yatsansa yana maƙalewa a bayan wuyan, ba ya gudu yadda yake so. Ya ji makaɗa suna cewa in aka ɗan dusashe sheƙin da sanfefa, hannu ya fi zamewa. Maganar gaskiya ce, Yaya ya san haka. Ya dusashe masa, aikin minti ashirin, Auta ya tafi yana godiya.

Sai dai akwai abin da masu guga suka sani wanda makaɗa ba su damu da shi ba. Fentin da aka dusashe, tafin hannu yana mayar masa da sheƙi. Duk inda yatsa ke yawan bi, nan ke fara ƙyalli. Hannun Auta kuwa Yaya ya san tafiyarsa, daga kan jitar har gindin wuyan yake kai da komo. Da ya dawo da ita bayan mako uku ya ce ta sake riƙe shi, Yaya ya kai ta bakin taga ya karkata ta ga haske. Sheƙin ya dawo, amma a wuri ɗaya kawai, can sama kusa da kusoshin da ake murɗa tsirkiya, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Sauran wuyan yana nan a dushe yadda ya bar shi. Hannun bai sauka ba ko sau ɗaya.

Ya ce wa kansa tausayi ne ya hana shi magana. Wa zai dubi makaɗi ya ce masa hannunka ya tafi? Ya yi ta faɗa wa kansa haka har ya kusa yarda. Amma ya san abin da ya fara ji a bakin tagar nan, kafin tausayin ya iso. Wani ɗan sanyi ne ya ratsa masa ƙirji, irin na wanda ya daɗe tsaye a rana aka ce masa ga kujera. Ya ɗauki sanfefa ya share wurin. Auta na kan benci yana ba shi labari, yana ce masa Yaya kaza Yaya kaza, yana tambayarsa yadda ake gane katako mai kyau, har ya tashi da kansa ya sayo musu shayi. Mutumin da ke kwance a asibiti ba ya zama a kan bencin kowa.

Zuwa na uku wurin ya koma faɗin yatsu uku. Yau ne na huɗu.

Bayan rigimar da kamar rabin awa Auta ya shigo, fuska a wanke, yana fara'ar da ba ta kai ido ba. Ya ce ko Yaya ya ji uwar gidan tana wa'azin safe, ita fa da za a ba ta lasifika da an huta da rediyo. Yaya ya ce injin maƙwabta ya hana shi jin komai. Babu injin da aka tayar ranar. Auta ya kwantar da jitar a kan teburi da hannun dama, na hagun yana aljihu. Ya ce ogan ƙungiya ya fara yi masa wani irin kallo a wurin gwaji, kuma ranar Asabar suna da wasa.

Yaya ya kai ta taga. Sheƙin bai fi kan babban yatsa ba, wuri ɗaya, kamar wanda aka dangwala.

"Me ka gani, Yaya?"

Bai juyo ba, amma ya san idon ƙaninsa na kan ƙeyarsa. Ya ce bari dai a gani.

Ya shimfiɗa tsohon bargo ya kifa jitar a kai. Ya bi gefen wuyan da salatif don kada ya taɓa gaban, inda ƙarafa suke jere. Ya yago sanfefa mafi laushi da yake da ita, ya naɗe ta a yatsu biyu, ya fara ja daga kai zuwa gindi, a miƙe, yana bin zanen katakon, ba ya dannawa. Ko a wannan aikin hannunsa bai iya ha'inci ba. Farar ƙura tana taruwa a gefen yatsunsa kamar gari, yana hurewa, yana shafawa da tafin hannu ya ji inda ya rage. Ya san shafin da yake ciki kamar yadda mutum ya san matakalar gidansa. Wancan zuwan ya tsaya saura shafi biyu. Yana cikin ja ƙurar ta sauya, ta bar fari ta koma ruwan ƙasa, wani tsohon ƙamshi ya taso wanda rabonsa da shi shekara ashirin da shida. Ya iso katako.

Ya dakata. Ya gaya wa Auta cewa fenti ya ƙare, yanzu itace ne tsirara, gumi zai riƙa shiga yana baƙanta shi, kuma daga yau duk abin da aka goga naman wuyan ne, sanfefa ba ta mayar da abin da ta ci. Ya faɗi wannan dalla-dalla, kamar yadda zai faɗa wa kowane mai kujera. Sannan ya ƙarasa sauran wuyan don ya daidaita, ya share da tsumma, ya ɓare salatif, ya miƙa masa.

Auta ya fito da hannun daga aljihu. Ya ɗora jitar a cinya ya fara wani kiɗa da Yaya ya sha ji ta bango har ya haddace. Ba a jona ta da lasifika ba, sautin ya fito a shaƙe. Yatsu biyu na farko suna aiki. Na ukun yana isowa a makare. Ƙaramin ya lanƙwashe ya tsaya a iska kamar ba da shi ake ba. Da kiɗan ya kai inda hannu zai gangara ƙasa, sai ya tsaya cak, tsirkiya ta yi wani zizar banza ta mutu.

Auta ya ce ta yi santsi yanzu. Yaya ya ce ai dole.

Auta ya zauna yana shafa katakon da babban yatsa. Bai ɗago ba da ya sake magana.

"Fentin nan naka ne fa, Yaya. Na san abin da na riƙa faɗa wa mutane. Shekara ashirin da shida yana hannuna, bai taɓa riƙe ni ba ko sau ɗaya."

Abin da Yaya ya yi rabin rayuwarsa yana jira ke nan, ya zo masa a safiyar Laraba, bayan ya gama hure shafi na ƙarshe daga kan teburi. Ya kuma ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Yaron nan, mai furfura a gemu, roƙonsa yake ya faɗa. Kalma uku ce ko huɗu. Ya buɗe baki, sai lissafin ya faɗo masa: in ya ce hannun ne, za a tambaye shi yaushe ya gani. Matar Auta ba sakarya ba ce. Za ta ƙirga zuwa huɗu, ta ƙirga wata uku, ta ƙirga kwanonin da ta miƙo masa a cikinsu. In likita ya ce da an zo da wuri, kowa a gidan zai san wanda ya tsaya a bakin taga ya gani ya share.

Ya ce wa Auta ya riƙa goge wuyan da busasshen tsumma bayan kowane wasa.

Auta ya dube shi na ɗan lokaci. Ya gyaɗa kai, ya saɓa jitar, ya fita. Bai sayo shayi ba.

Da rana ta take sai ga matar Auta da kwano a rufe. Kullum a kan kujerar bakin ƙofa take ajiyewa ta yi gaisuwa ta koma. Yau ta tsaya da shi a hannu. Idonta ya kumbura, amma muryarta a daidai take. Ta yi masa sannu da aiki, ta tambayi ƙafarsa da ke damunsa, sannan ta ce ta san bangon nan ba ya riƙe magana, don haka ba sai ta maimaita ba.

"Kai ne babba, Yaya, kai kaɗai yake ji. Ka ga hannun da idonka. Don Allah, fentin ne?"

Yaya ya karkaɗe ƙurar da ke gaban rigarsa. Ruwan ƙasa ce, ta maƙale a zaren ta ƙi fita. Ya tako zuwa ƙofa ya miƙa hannu biyu ya karɓi kwanon, da ɗuminsa.

"Ni katako aka kawo mini," ya ce. "Ba a kawo mini hannu ba."