Malam Ɗalha da 'Yar Jiddan Matan Kabara

Da hantsi, in rana ta leƙo ta saman katangar maƙwabta ta faɗo bakin wani tsohon zaure a Soron Ɗinki, za ka tarar Malam Ɗalha Gambo ya jawo teburinsa har dokin ƙofa. Da can a ƙuryar zauren yake aiki. A 'yan shekarun nan ne teburin ya riƙa matsowa kaɗan-kaɗan yana bin haske, har ya zo inda ba sauran wurin matsawa sai kan hanya. Har kwanan baya yakan goge teburin da tsumma, ya jera sukudireba da mita da curin dalma, ya jona ƙarfen narka dalma in akwai wuta, in babu ya ɗora na tagulla a kan gawayi. Daga nan sai zama. Wata rana har a kira azahar ba wanda ya kawo masa ko da noti ɗaya ya ɗaure, sai masu wucewa su ɗaga hannu su ce, "Mai Gem, an fito?" Shi kuma ya ce an fito.

Ƙarshen watan nan zai rufe zauren, bayan shekara arba'in da 'yan kai. Ba son ransa ba ne. Likita ya gaya masa hawan jinin ido ne, ba irin yanar da ake cirewa mutum ya koma gani ba, kuma abin da ya tafi ya tafi. Shi ya sa muka ga bai kamata dattijon nan ya ja ƙyaure ya koma cikin gida shiru ba, kamar bai taɓa yi wa garin nan komai ba.

Da gyaran rediyo ya fara. Gem kuwa, wato akwatin wasan da ake jonawa a talabijin, ya same shi ne a wancan mulkin farar hular, lokacin da alhazai da 'yan kasuwa suka fara shigo da su tsaraba. Kuskuren ɗaya ne a kowane gida. A buɗe kwali, yara na tsalle, maigida na alfahari, ba wanda zai tsaya duba cewa wutar da aka yi wa abin ba irin tamu ba ce. A cusa a soket, ya yi ƙara ɗaya, ɗaki ya cika da ƙauri. Tsarabar da ta tsallake teku lafiya sai ta zo ta mutu a falon Alhaji. Masu gyaran Sabon Gari sukan ce a jefar. Malam Ɗalha ne ya zauna ya warware wayar taransifoma ya sake naɗa ta da hannu yadda za ta ɗauki wutarmu. Shi ya gano abin da ke sa hoton wasu ya fito fari da baƙi a talabijin ɗinmu, ya yi musu dabara launi ya dawo. Hannun wasa in ya karye, da sifirin ɗin biro da robar tsohon silifas yake tayar da shi, kuma ya fi na asali ƙarko. Manyan mutane nawa ne yau a ofisoshi da suka yi layi a bakin zauren nan suna goge majina da hannun riga? Sun san kansu.

Abin da ya gagari gyara ba ya barin a jefar. Sai ya roƙa a bar masa, ya ce wata rana cikinsa zai ceci wani. Haka zauren ya cika har rufi: Atari, Sega, Nintendo, da ƙananan kwamfutocin gida masu kama da tafireta, kowanne an ɗaure shi da leda an rubuta sunan gidan da ya fito. Matarsa Larai ta daɗe da daina magana a kai. Masu sayen gwangwani kuwa kullum suna wucewa suna leƙe, don sun san akwai tagulla a ciki, sun kuma san mai zauren ya gaji.

Ya gaji ɗin, ba ɓoye-ɓoye. Sojoji sun koma bariki bara, aka ce komai zai sabunta, kuma wani abin ya sabunta. Gem mai faifai ya shigo, matasa suka koma gidajen wasa na Ƙofar Mazugal, ba mai waiwayar kaset ɗin da ake cusawa ta sama. Wani ɗan takarar kansila ya zo har zauren ya yi alkawarin shago a bakin titi da sababbin kayan aiki. Fastarsa tana nan manne a bango, rana ta cinye fuskar. Malam Ɗalha bai taɓa zuwa neman cika alkawarin ba, don tun ranar ma bai ɗauke shi da gaske ba.

A can saman kanta, inda ba ya yarda a ɗora komai a kai, akwai wani kwali daban. Shekara goma sha biyar da suka wuce alhazai sun yi yayin wata ƙaramar kwamfuta mai baƙaƙen Larabci, wadda mutanen unguwa ke kira 'yar Jidda. Cikin kaset-kaset ɗinta akwai na wasa, akwai kuma na karatu, masu fito da ayoyi ɓaro-ɓaro a talabijin. Da injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sai aka rasa yadda za a yi da kaset ɗin karatun. Ba a jefa su a bola, don akwai sunan Allah a ciki. Ba a san ko ƙona su ake yi ko binnewa ba, kamar tsofaffin takardun karatu. Sai kowa ya nannaɗo nasa a tsumma mai tsabta ya kawo wa Malam Ɗalha, ya sauke nauyin a kansa ya tafi. Shi kuma ba ya buɗe ko ɗaya sai da alwala.

Isyaku tela, maƙwabcinsa kuma sa'ansa, ya sha zolayarsa a kan haka. "Kai Ɗalha, waya ce fa da roba. Ni na leƙa ciki ban ga ko alif ba."

"Ba ka gani ba, amma yana nan," in ji shi. "Miƙo min butar."

Kai ne amintaccen da ba wanda ya naɗa, Malam. Kai ne aka bar wa ajiyar da malamai ma ba su ce ga yadda za a yi da ita ba, ka riƙe ta ba ka taɓa cewa ta yi maka yawa ba.

Ashe 'yar Jidda ɗaya ta rage da rai a cikin gari. Tana gidan Malama Sa'ida a Kabara, wadda ke koyar da tsofaffin mata karatu da safe. Yawancinsu ido ya yi rauni, rubutun takarda ya yi musu ƙanƙanta, amma in baƙi ya fito a talabijin kamar tafin hannu sai su bi shi da yatsa daga inda suke zaune. Shekara tara ajin yana tafiya a haka. Wata biyu da suka wuce aka kawo wuta da ƙarfi ana tsakiyar karatu, hoton ya ɗauke, bai sake dawowa ba.

Malama Sa'ida ta zo da kanta, da injin a cikin kwandon cefane. Ta durƙusa suka gaisa, ta zare shi daga zane.

"Baba, an ce ka ajiye aiki. Ni ma da na san wani wurin da ban zo na dame ka ba."

Ya shafa injin, ya kai hanci ya shinshina, ya buɗe ya ɗora mita. "Malama, aisin da ke fito da hoto ne ya ƙone, wannan ɗan baƙin abin da ke manne a ciki. Ƙafa arba'in gare shi. An daina yin irinsa tuntuni."

"To shi ke nan. Akwai Gwaggo Hajo, shekararta saba'in da huɗu, izu uku ya rage mata ta sauke. Ita ce kullum take aiko min tambaya." Ta fara mayar da zanen. "Sai in ce mata ta yi haƙuri."

"Bar shi tukuna," ya ce.

Ya san duk matattun 'yan Jiddan da ke kan kanta, ya kuma san ya riga ya cinye cikinsu a gyaran wasu. Lafiyayyen aisi ɗaya ne ya rage a Soron Ɗinki, kuma yana cikin gida, a ƙarƙashin gadonsa, cikin injin da yayansa Mikail ya kawo masa tsaraba a hajjin da ya yi, shekara biyu kafin rasuwarsa. Malam Ɗalha bai taɓa zuwa Makka ba. Abin nan shi ne rabonsa na tafiyar, shi ne kuma kaɗai abin da ya rage masa daga hannun ɗan'uwansa. Ramin da ake cusa masa kaset ya daɗe da tsagewa, ba ya karɓar karatu, amma yana kamawa, kuma duk sallah yakan fito da shi ya kunna ya ji 'yar ƙarar da yake yi, ya mayar. In ya cire aisin, ya san ya kashe shi.

Kwana biyu yana juya abin a ransa. Larai ta ce ko tuwo bai ci na kirki ba. A rana ta uku ya fito da injin Mikail daga ƙarƙashin gado.

Isyaku ne shaidar abin da ya biyo baya, ya ce bai taɓa ganin aiki mai ban tausayi irinsa ba. Aikin da a da Malam Ɗalha zai gama kafin shayi ya huce, kwana tara ya ɗauke shi. Sa'a ɗaya kacal yake samu a rana, daidai lokacin da hasken hantsi ke faɗowa tsakiyar teburin. Ƙafafun aisin ba ya ganinsu, sai ya bi su da farce yana ƙirgawa a hankali, ya narka dalmar ɗaya, ya zuƙe, ya sa alama da allura, ya huta. Hayaƙin dalma na shiga idon, hawaye na zuba, ya share da hannun riga ya ci gaba. Sau biyu ya ɗora ƙarfen a kan yatsansa maimakon fanel, allon wayoyin injin. Ƙafa arba'in ya kwance daga matacce, arba'in daga na Mikail, sannan ya ɗaure arba'in.

"Ka bari mana, ka ƙarasa idon a banza," in ji Isyaku a rana ta shida.

"Idon tafiya zai yi ko na bari ko ban bari ba. Gara ya tafi a kan wani abu."

Ranar gwaji Malama Sa'ida ta zo da Gwaggo Hajo, tana dogara sanda. Babu wuta, sai Isyaku ya tayar da ɗan janaretansa ya jawo waya. Malam Ɗalha ya yi alwala, ya sauko da kaset ɗaya daga kwalin sama, ya cusa, ya danna. Ƙaramar talabijin ɗin zauren ta yi shuɗi. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ja da baya, ya sake matsowa.

"Malama, ya fito? Ni haske kawai nake gani."

Gwaggo Hajo ce ta ɗaga yatsa daga kan tabarma ta fara bin layin farko da 'yar muryarta mai rawa, baƙi bayan baƙi, har ta kai ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Malam Ɗalha ya zauna a kan kujerarsa, ya ɗora ƙonannen yatsan a cinya, ya saurara. Da ta gama ya ce, "Madalla. To ku tafi da kwalin saman ma gaba ɗaya, can ne wurinsu." Bayan sun tafi ya mayar da murfin injin Mikail, ya ɗaure notunansa huɗu da lalube, ya kai shi cikin gida. Bai sake jona ƙarfen dalma ba tun daga ranar.

Mun gode, Malam Ɗalha. Mai Gem na Soron Ɗinki, mai tayar da abin da aka fid da rai. Kai ne ka ba da sauran ganinka don wata tsohuwa ta ga baƙi, ba ka jira wani ya ce sannu ba. Abin yana yi mana ciwo, don mun san da yawa daga cikinmu mun wuce ka a bakin ƙofar nan shekara da shekaru, hannu kawai muke ɗagawa. Allah Ya ba da lada, Ya sa haske a inda ya fi na ido amfani.

Ku masu sana'ar hannu, ku dubi yadda ake riƙon aiki ko ba a kallo, ku yi koyi. Wanda kuma ke da wurin ajiya da sha'awar tsofaffin injinan nan, ya zo kafin wata ya mutu, don masu gwangwani sun riga sun auna zauren da ido. Ku kuma da kuka yi layi a wurinsa kuna yara, ku sauko daga motocinku ku je ku gaishe shi, gidan bai sauya ba. Roƙo ɗaya muke yi. In kun je, kada ku tsaya a gabansa kuna murmushi kuna cewa, "Baba, ka gane ni?" Ku faɗi sunanku tun daga bakin ƙofa.