Falalu da Birkin Alhaji Bubayero

Shekara goma sha ɗaya shagon ɗinkina yana kallon garejin Falalu a Ogui, cikin Inugu, kuma ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Idan ya gyara mota ta ƙi tashi, to mai ita ne bai iya murza makulli ba. Idan ya haɗa inji noti biyu suka yi saura a ƙasa, Turawan da suka ƙera motar ne suka yi almubazzaranci.

Mutumin Ringim ne, gajere, mai faɗin kafaɗa da ƙaton murya. Tun kafin yaƙin basasa ya zo Inugu, ya koyi kanikanci a hannun wani dattijon Ibo, har ya buɗe rumfarsa. Da rikici ya tashi ya bi jirgin ƙasa zuwa Arewa da akwatin sifanu a ka, ya bar katifa da rediyo. A 1970 ya dawo da wannan akwatin dai, ya tarar gwanda ta tsiro a tsakiyar rumfar har ta fara 'ya'ya. Ya ƙi sare ta. Ya ce duk garin ita kaɗai ta tsare masa wuri.

Ba a jima ba kuɗin mai suka shigo ƙasa. Shekarar da aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, masinja ma sai da ya sayi babur, motoci suka cika Ogui har ba wurin ajiye keke. Ita ce kuma shekarar da masu koyon aiki a hannun Falalu suka watse, duk suka nufi Fatakwal inda aka ce kamfanonin mai suna ɗaukar duk wanda ya san kan sifana. Aiki ya yi masa yawa, ga shi shi kaɗai.

A wannan hali Alhaji Bubayero ya zo masa. Alhaji dillalin shanu ne daga wajen Gombe, mutum mai tumbi da ji da kai, wanda ko gaisuwa sai ya zaɓi wadda zai amsa. Yana da Fijo 404 fara, kuma ya ƙi rabuwa da ita don ya ce tana da albarka. Sai dai rannan yana saukowa gangaren Milikin, hanyar nan mai kwana-kwana da ke shigowa Inugu, birki ya yi masa sanyi, sai da ya karanta duk addu'ar da ya sani kafin motar ta tsaya.

"Malam Falalu, birkin babbar Fijo nake so a jikin tawa," in ji shi. "Irin na 504. Zai yiwu?"

Falalu bai taɓa yin wannan aiki ba, bai ma taɓa ganin an yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na gaji da yin irinsa."

Washegari ya tafi Anaca, ya zaga wajen masu kayan mota a Fegge, ya dawo da faifan birki biyu da kalifa biyu. Kalifa ƙarfe ne mai kamar muƙamuƙi, shi ke cafke faifan ƙafar mota idan an taka birki. Da Alhaji ya ji sunan sai ya tambaya ko ta wace ɗariƙa ce. Falalu ya ce ta Faransa.

Yini guda ya yi yana hura ƙarfe da fasa rami, har komai ya zauna. Ya zuba man birki, ya shiga ya taka. Ƙafarsa ta lume har ƙasa kamar ya taka burodi. Ya sake takawa, haka dai.

"Iska ce a cikin layin," ya ce, ko a jikinsa. "Bilidin kawai za a yi."

Bilidin aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki yana danna birki, ɗaya yana ƙasa yana kwance wani ɗan noti mai huda a jikin kalifa, wanda suke kira nifil, don iska ta fita. Falalu ya leƙo shagona, na nuna masa tulin ɗinkin Sallah. Ya duba hagu da dama, ba kowa sai mai motar. Haka Alhaji Bubayero, wanda ko takalminsa ba ya ɗauka da kansa, ya tattare babbar riga ya zauna a kujerar direba.

"Danna, ranka ya daɗe. Danna. Riƙe. To, saki."

Ranar farko da ladabi aka yi ta. Mai yana fita tsab, ba kumfa, amma birki yana nan kamar soso. Rana ta biyu Falalu ya ce man jabu ne, aka zubar aka sayo wani. Da bai yi ba ya ce robar masta ce ta mutu, wato tukunyar da ke tura man, ya kwance ya canza. Kafin azahar Alhaji ya cire babbar riga. Kafin la'asar ya cire hula, ya saura daga shi sai singileti, gumi yana bin tumbinsa. Masu goro da masu wankin takalmi suka jera benci suna kallo. Abin da na lura shi ne Falalu ya fara jin daɗin abin. "Ranka ya daɗe" ta ɓace daga bakinsa.

"Na ce ka riƙe, ka saki. Kai Bubayero, wai ba ka ji ne?"

Alhaji ya leƙo ta taga ya dube shi, ya haɗiye maganar, ya ci gaba da dannawa. Yana da ɗaurin aure a Anaca ranar Asabar, kuma ya riga ya gaya wa kowa da sabon birki zai zo.

Rana ta uku ya iso yana ɗingishi, gwiwarsa ta kumbura. Falalu ya tare shi da sabon bayani, wai abin ya wuce na ƙarfe, akwai bakin mutane a ciki. Alhaji ya zaro laya daga aljihu ya ɗaura a jikin abin taka birkin. Suka koma danna da saki.

Wajen hantsi Sista Dina ta zo karɓar rigar aikinta da na rage mata. Nas ce 'yar Kagoro, tana haya a gidan da ke bayan shagona, mace marar son wasa wadda yara ke gudu in sun hango ta. Ta tsaya tana kallon garejin.

"Baba Falalu, kwana uku ina wucewa ina jin danna da saki. Me kuke nema?"

"Iska muke fitarwa, Sista. Ba aikin asibiti ba ne."

Ta tsallaka titi, ta durƙusa kusa da ƙafar motar da fararen takalmanta. "Ta ina take fita?"

Ya nuna mata nifil ɗin da bakin sifana.

"Wannan na ƙasa? Mu dai idan za mu fitar da iska daga sirinji, sama muke ɗaga allurar, don iska sama take taruwa. Kai ka buɗe mata ƙofa a ƙasa. Ko shekara za ku yi, mai ne zai yi ta fita, ita tana zaune a sama."

Ta miƙe, ta kaɗe gwiwa, ta karɓi rigarta ta tafi.

Falalu ya daɗe a tsugune. Ya zaga ɗaya ƙafar ya duba, nan ma nifil yana kallon ƙasa. Ashe kalifar hagu ya ɗaura a dama, ta dama a hagu, duk suka kife. Ya kwance su, ya musanya, nifil ya koma sama. Alhaji ya danna sau uku, muka ji fus, fus, kumfa ta yi ta fita. A na huɗu birkin ya tsaya cak kamar dutse.

Alhaji ya fito yana dafa ƙofa. "Yanzu kwana ukun nan, Malam Falalu..."

"Dama haka ake yi, ranka ya daɗe. Sai an kifa su robobin sun sha mai tukuna, sannan a juya. Sista ta zo daidai lokacin juyawa ne kawai." Ya ƙara da cewa laifin Faransawa ne da ba su rubuta hagu da dama ba. Daga baya na leƙa da kaina, na ga harafi ɓaro-ɓaro a jikin kowane ƙarfe.

Alhaji ya tafi ɗaurin aurensa. A Upper Iweka, bakin shiga Anaca, cikin cunkoson motocin Arewa, wata mai tallan ayaba ta gifta gabansa. Ƙafarsa ta saba da dannawa da ƙarfi, ya kuwa taka iya ƙarfinsa. Motar ta ƙame nan take, wata bas da ke biye da shi ta zo ta murƙushe masa but ɗin bayan motar. Ba wanda ya ji rauni, amma buhun shinkafar da ya ɗauko gudummawa ya fashe a titi.

Ranar Litinin ya dawo da motar, bayanta a lotse, yana faɗa wai birkin ya cika kamawa. Falalu ya zaga ta a hankali, hannuwa a baya, ya ce gaban motar ne nasa, kuma gaba lafiya lau yake. Ya kwatanta masa rumfar wani mai bugun kwanon mota a ƙarshen layi.

Labarin hatsarin shi ya yi masa talla. Direbobin tasi suka ji akwai birkin da ke tsayar da mota har ta baya ta afka mata, suka yi ta kawo tsofaffin Fijo daga Anaca da Fatakwal. Da wannan aiki ya gina gida mai ɗaki huɗu a Ringim, ya aurar da 'yarsa Hajaratu, ya je Makka. Da ya dawo ya hana kowa kiransa Falalu gatsau, har mu da muka san shi tun yana kwana a rumfa. Ni dai Alhaji nake ce masa in akwai baƙi a wurin.