Ranar da Wanzami Ya Mayar da Askarsa

Wata Laraba da hantsi, kwana tara bayan Babbar Sallah, Kaka ta shimfiɗa tabarma a zauren gidanmu na Birni, ta aika a kira wanzami. Ƙanena Bukar, ɗan shekara uku, yana kwance a cinyar Inna, cikinsa ya tasa ta gefe guda. Kaka ta riga ta yanke hukunci: saifa ce, a yi masa tsaga a fitar da mugun jini, yadda aka yi wa babanmu yana yaro. Ni kuwa ina raɓe a bakin ƙofa, shekarata tara, na san abin da ba wanda ya sani.

Ni ce mai renon Bukar. Da na taso daga lakwal, wato makarantar boko, sai in goya shi mu bi layin pampo, in mun kai ruwa gida mu hau duwatsun bayan unguwa, ni da ƙawayena mu baje ƴar carafke. Wata rana cikin azumi zanin goyon ya kwance, ya faɗo a kan dutse ta gefen dama. Na lallashe shi, na kama bakina. Bayan mako guda ina cuɗa shi, sai hannuna ya ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, kamar ɗanyen mangwaro. Na sa a raina ni na fasa masa ciki. Daga ranar na hana kowa yi masa wanka, har Inna tana yabona wai na yi hankali. Kullum sai na taɓa, kullum kuma ƙara girma yake.

Wanzamin, wani tsoho mai suna Baba Ari, ya buɗe zabira ya jera aska da ƙaho. Ya daɗe yana latsa cikin. Da ya tambaya yaushe aka gani, Kaka ta ce kwana uku ke nan.

"Hajiya, saifa a hagu take, wannan kuwa dama ce," in ji shi. "Kuma bai yi kama da abin kwana uku ba. Wa ke masa wanka?"

Ido ya dawo kaina. Na faɗi komai, har dutsen, ina jiran mari. Ba wanda ya taɓa ni. Kaka ta dage a yi tsagar tukuna, ta tuna masa shi ya yi wa ƴaƴanta duka. Ya naɗe askarsa ya mayar cikin zabira, ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin aska. Ku kai shi asibiti wurin lokotoro yau."

A asibiti aka haska cikin, aka ce ciwon daji ne a ƙoda, irin wanda ba a cika gani ba, aka tura shi Yamai tare da Inna. Can aka yi ta sa masa magani ta jijiya har gashinsa ya zube, sannan aka cire ƙodar. Ni da Kaka muka zauna gadin waya, in ta yi ƙara ba mai son ɗauka. Da suka dawo, Inna ta ja ni ɗaki ta ce ta tambayi lokotoro: faɗuwa ba ta kawo wannan ciwo. Sai da na girma ta gaya mini sauran maganarsa, cewa da an ƙara jinkiri kaɗan, da ciwon ya kai huhu.

Yau Bukar tela ne, da ƙodarsa ɗaya da bakinsa mai tsiya, yakan ce in je duwatsu in nemo masa ɗayar. Baba Ari ya rasu, Kaka ma, zauren ya zama shago. Nakan yi kewar tsohon nan da ya san inda askarsa ta tsaya. In ina yi wa ƴaƴana wanka, hannuna yakan dakata a ƙarƙashin haƙarƙari, su yi ta dariya wai cakulkuli nake musu. An wanke ni daga faɗuwar. Shirun da na yi kusan wata uku kuwa, har yau ina goye da shi.