Ammu Rifa'at Mai Faɗa wa Maza Gaskiya

Shekara talatin da ɗaya ke nan ƙarfe bakwai na safe ba ta riski Ammu Rifa'at, wato baffa Rifa'at, a gida ba. Yakan sauka daga motar haya a tsakiyar birnin Mansura da burodi da dafaffen wake a takarda, ya buɗe ɗakin gwaji na asibitin haihuwa, ya goge madubin likita, ya ɗora shayi. Shi ba likita ba ne. Aikinsa karɓar maniyyin maza a 'yar kwalba, ya duba yawan ƙwayoyin da kuzarinsu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Maza kan shigo wurinsa a ɗarare, suna waige kada a gan su. Sai ya miƙa musu shayi. "Zauna, ya Basha, babban mutum. Jiya wani direba ne a kujerar nan, gashin bakinsa ya ninka naka."

Ma'aikatan jinya ba su manta da Sabri mai gasa burodi ba. Shekara bakwai matarsa Wafa tana shan allurai da gorin rashin haihuwa, surukarta na cewa a sallame ta. Da ƙyar likita ya turo shi gwaji, ya shigo yana huci.

"Ni za a gwada? 'Ya'ya tara ubana ya haifa!"

"Allah ya ƙara masa lafiya," in ji Rifa'at, "amma ba shi ne mijin Wafa ba."

Da sakamako ya fito ya nuna matsalar daga Sabri take, sai ya ce: "Ammu, rubuta lafiyata ƙalau. Kada Hajiya mahaifiyata ta ji."

"In rubuta ƙarya a saki 'yar mutane? Ɗana, wannan ba rashin mazakuta ba ne. Jijiyoyin marainanka ne suka kumbura, ga zafin tanderu, ga shisha. Wani ma hangum ne ya taɓa shi. Akwai magani."

Sabri ya koma gida, da bakinsa ya gaya wa mahaifiyarsa. Aka yi masa tiyata, ba ta wadatar ba. Likitoci suka zaɓi ƙwaya ɗaya mai ƙarfi daga maniyyinsa suka cusa cikin ƙwan Wafa, suka mayar mahaifarta. Karon farko bai kama ba, na biyu ya kama. Yau 'yarsu tana aji uku.

Ba kowa ne ya samu haihuwa ba. Waɗanda Allah bai nufa ba, har bakin titi Rifa'at ke raka su, bai taɓa yi musu alkawarin banza ba.

Ammu Rifa'at, rumbun sirrin maza, kai ne ka sauke wa mata da yawa laifin da ba nasu ba, ba ka kuma tozarta namiji ko ɗaya ba. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.

Masu gadon kujerarsa, ku riƙe gaskiya da taushin harshe kamar shi. Kai kuma maigida, kafin ka nuna matarka da yatsa, je ka karɓi kwalbarka.