Hancin Yayata

Yayata humra take haɗawa a Magariya tun kafin in fara tuƙin kamiyo, babbar motar kaya. Ba ta taɓa awo ba. Ta soya farcen turare, ta daka kajiji, ta zuba turarukanta, ta rufe kwalba ta bar ta ta jiƙu. Ranar buɗewa sai ta kai hanci, ta ce ko "da saura" ko "ya yi". Har daga ƙetaren iyaka mata ke aiko mata.

Sai wata mura ta kwantar da ita. Mura ta tafi, jin ƙanshi bai dawo ba. Likita a Damagaram ya ce a jira. Muka jira, kwalabe na jere ba mai cewa sun yi.

Ɗiyata kuwa tana karatu a waje, kuma kan hanci take aiki. Da ta zo hutu ta yi mini bayani: can cikin hanci akwai ƴan mitsi-mitsin abubuwa iri-iri masu karɓar ƙanshi. Ita sai ta nuna wa ordinatar, wato kwamfuta, siffar sinadari, na'urar ta yi hasashen waɗanda za su amsa. Ban bari ta ƙarasa ba, na ɗora ta bisa moto, wato babur, ita da na'urarta, sai gidan Yaya.

Na ce, "Yaya, ga sabon hanci na kawo miki, har da batir."

Ta ce, "Kai dai ba ka girma." Amma ta miƙo kwalba da hannu biyu.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Gwaggo, na'urar ba ta shinshina. Sinadari ɗaya-ɗaya nake ba ta, shi ma wani lokaci ta kuskure. Wannan haɗin naki ban san iyakar abin da ke ciki ba."

"Ba za ta ce mini ya yi ba?"

"Ba ta san ya yi ba, Gwaggo."

Yaya ta jinjina kai, ta juyo da kwalbar wajena. Ni da na sha ƙaurin gazuwal, man kamiyo, daga Agadas har Kwatano, me hancina ya sani? Na shaƙa. Ƙanshi dai na ji.

Na ce, "Ya yi."

Ta ce, "Wancan karon na ba ka wadda ban sa wa farce ba, ita ma ka ce ta yi."

Ta toshe kwalbar, ta mayar da ita cikin sauran, ta tambayi yarinyar ko can inda take karatu ana samun fura.